Baƙin Yini Ɗaya a Zariya

Duk motar da ta kwaso 'yan biki ko 'yan rakiyar ɗalibi daga Kano ko Katsina, direbanta kan gindaya sharaɗi tun a gadar Kwangila: da an idar da la'asar zai tayar, wanda ya makara ya nemi ta haya. Daga nan sai halin kowa ya fito.

Akwai Malam Mai Takarda. Tun daren jiya ya tsara komai: ƙarfe tara Jami'ar Ahmadu Bello, goma fadar Zazzau, goma da rabi dutsen Kufena, sha ɗaya masallacin da Babban Gwani ya gina. A takardarsa duk maƙwabtan juna ne. Bai san Samaru tana can kan hanyar Funtuwa ba, birni kuwa sai an bi ta Sabon Gari da Tudun Wada kafin a hango Ƙofar Doka. Azahar kan riske shi a Keke Napep, an matse shi tsakanin buhun masara da wata mai goyo, yana soke layi bayan layi da biro.

Wanda ya fi shi wahalar da mutane shi ne tsohon ɗalibi. Shi kam da ya taka ƙofar jami'a sai "a zamaninmu". Zai sanar da kai an buɗe ta a 1962, ko ba ka tambaya ba, sannan ya shiga labarin kajin da suka ci a ɗakin cin abinci, waɗanda duk shekara ƙara girma suke yi a bakinsa. A gaban ɗakin karatu na Kashim Ibrahim zai ja tunga, ya ce nan ya ƙare ƙuruciyarsa, alhali abokan karatunsa sun fi saninsa da zaryar ƙofar Amina Hall, masaukin ɗalibai mata. Sai kuma ya tare wani yaro: "Samari, ina mai shayin nan na bakin North Gate, wani dogo?" Yaron da ko auren iyayensa ba a ɗaura ba a lokacin, sai ya ce, "Wallahi Baba ban san shi ba." Wannan "Baba" ɗin ita ke ɓata masa sauran yinin.

Hajiya ba ruwanta da tarihi. Ko ka ce mata Sabon Gari ya tashi ne a gefen layin dogon da ya iso a 1911, tambayarta ɗaya ce: ina layin 'yan atamfa? Ta baro Kantin Kwari a gida, ta zo tana tayin zanen da daga Kwarin aka saro shi. "Ɗan nan, dubu takwas." "Albarka, Hajiya." Ta yi gaba, ta dawo, ta sake yin gaba. A ƙarshe kuɗin ɗan dako ya cinye rangwamen.

Mai zumunci minti biyar kawai yake nema, ya leƙa Hayin Dogo ya gaida Gwaggo. Yana sallama za a aza tukunya, a tura yara kamun zakara. Kada a jira shi.

'Yan hoto ba su da matsala, sai dai idan ƙaramin jirgin kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ya gitta ta saman Palladan, duk sai sun tsayar da mai keke.

Ni dai gwanina wani Baba ne, wanda bai sauka daga mota ba. Ya cire hula, ya aika yaron mota ya sayo masa rake da ruwan leda, ya yi barcinsa a kujerar baya. In an koma gida, shi zai fi kowa ba da labarin Zariya, har da gyara wa Malam Mai Takarda sunan unguwa.