Lissafin Ƙaura Zuwa Abuja

Ƙaura daga Kano zuwa Abuja lissafi ne da akan kammala kafin a tambayi kuɗin haya. Ribar a fili take: tun da gwamnatin tarayya ta baro Legas a Disambar 1991, ma'aikatu da masu sa hannu a takarda duk a Abuja suka tare. Ga kuma girma a gida, domin ko shayi mutum yake sayarwa a Wuse, dangi za su ce "ai yana Abuja".

Asarar ta fi tsawo. Mai gida na karɓar hayar shekara cur, dillali ya yanki nasa, lauya ma haka. Shi ya sa mai burin Maitama kan ƙare a Mararaba, wadda ma jihar Nasarawa ce. Daga nan zai fito da asuba ya faɗa cunkoson Nyanya, ya dawo bayan isha'i. Acaɓa kuwa an hana shi a tsakiyar birni tun 2006. Sannan ga baƙi daga gida, kowa da takardar neman aiki, don an ɗauka ministoci maƙwabtansa ne.