Zuwa ga Bazazzagen Mararaba, Mai Kukan Rashin Lokaci

Bazazzage, ina gaisuwa, irin wadda ubangida ke yi wa baransa in ya ga ya fara ramewa. An ce ka sake buɗe bakin nan naka a majalisa kana kuka, wai Abuja ta cinye maka rayuwa: ba sukunin karatu, ba na zumunci, ko tsohuwa a Zariya sai ta yi maka aike kafin ka kira ta. Wai daga asuba zuwa isha'i a guje kake. Allah sarki! Ni dai tun da na san ka ban taɓa ganin ka a guje ba, in ba an ce an fara rabon abinci a wajen walima ba.

Kafin mu shiga lissafi bari in yi maka tuni, tun da ku ne masu taƙama da ilimi. In aka cire Gwarawa da Koro da sauran masu ƙasa, danginka na cikin waɗanda suka riga kowa zuwa wannan yanki. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ne ya baro Zariya lokacin jihadi ya yo kudu har wajajen Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828. Sai a 1976 Janar Murtala, Bakano, ya yanko Babban Birnin Tarayya, aka ari sunan, tsohon garin ya koma Suleja, da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Gwamnati ma ba ta tare ba sai Disambar 1991. Wato kun ba mu, Kanawa, ratar fiye da shekara ɗari a hanyar Abuja, amma har gobe kai ne na ƙarshen sa hannu a littafin ofis.

Ba zan ƙi gaskiya ba, hanyarku azaba ce. Mutum ya kwana a jihar Nasarawa ya wuni a Abuja, ya ratso Nyanya, ya wuce Karu da Kugbo, kafin ya ga AYA rigar da ya goge da asuba ta gama yamutsewa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ka jingine tsohuwar motarka ka koma ta haya, mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Acaɓar da za ta kutsa da kai cikin gari kuwa, naku ne, Malam Nasiru, ya kore ta tun 2006 yana minista, don haka kada ka kalle ni. Amma kai da bakinka ka ce awa biyu kake yi a hanya kullum, zuwa da dawowa. To ɗauko alƙalami, ko in ara maka. Kwana biyar, awa goma. Mako huɗu, awa arba'in. Wannan shi ne cikakken makon aikin ma'aikacin gwamnati, takwas na safe zuwa huɗu na yamma. Duk wata ana miƙo maka mako guda kyauta, kana ƙarar da shi wajen musu da direba a kan wanda ya kamata Arsenal ta saya.

Abin da ya gagare ku ganewa, mu kuma muka sha a nono, shi ne lokacin Abuja ba ya zuwa a dunƙule. Canji ne, 'yan naira ashirin-ashirin da hamsin-hamsin, kuma duk yaron da ya taso a Kantin Kwari ya san wanda ya raina canji ba ya haɗa jari. Kai kana nan kana jiran hutun shekara, wai ranar za ka zauna ka rubuta littafi, ka koyi kwamfuta, ka sauke Alƙur'ani. Hutun ya zo, ka tafi Zariya, ka ƙare shi a ɗaurin aure da cin tuwon gidajen mutane.

Je ka kalli mai gadin layinmu a Gwarimpa. Benci gare shi a gindin bishiya, da 'yar rediyo, da farar hula da aka zana wa ado da biro, ya kife ta a gwiwa yana bin zanen da zare. Da ya ji hon sai ya soke allurar a wuyan rigarsa, ya miƙe ya ja ƙofa, ya ɗaga hannu, ya mayar ya rufe, ya dawo ya zare allurar ya ci gaba daga inda ya tsaya, ko duba ba ya sake yi. A wuni sai a katse shi sau babu adadi, bai taɓa cewa sai ya samu natsuwa zai yi ɗinki ba. Hula na ƙarewa ya kai wa mai wanki da guga, ya sayar, ya ɗauko wata. Albashinsa bai kai kuɗin da kake kashewa a data ba, amma na tabbata ya riga ka yin kwano a ƙauye.

Ofis ɗinku ma fa cike yake da irin waɗannan 'yan tsakanin. An kira taro ƙarfe goma, oga bai shigo ba sai sha ɗaya da rabi. An ɗauke wuta, ana jiran a tayar da janareta. Intanet ta tsaya. Fayil ya hau sama yana jiran sa hannu. A wannan zaman jiran ne matar da ke teburin kusa da kai take buɗe darasinta na Buɗaɗɗiyar Jami'a, wadda hedikwatarta ke nan Jabi, ba sai an hau jirgi ba. A jami'ar nan Obasanjo ma ya yi karatu bayan ya sauka daga mulki, har ya kai ga digirin digirgir, da tsufansa. Direban oga yana ƙarƙashin rumfa da ɗan Alƙur'aninsa na aljihu. Izu sittin ne, mai karanta izu guda kullum a wata biyu ya sauke. Kai kuwa kana zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai kana tura saƙon da aka ce duk wanda bai tura wa mutum goma ba zai ga abin da zai gani.

Na san amsarka, za ka ce rubutu da karatu sai mai hutu. To daga garinku aka shirya gasar 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ya nemi malamai su rubuta labaran Hausa. Waɗanda suka amsa ba zaman kashe wando suke yi ba. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne a Bauci ya rubuta Shehu Umar. Namu, Muhammadu Gwarzo, shi kaɗai ya zauna ya fito da Idon Matambayi. Naku kuwa, John Tafida na Wusasa, sai da Baturen ya kama masa suka haɗa Jiki Magayi. Ban ce komai ba, tarihi ne. Mutanen nan ba su da wayar da ke ɗauke da littafi dubu, ba su da fitilar da ta wuce aci-balbal da ta ƙwai. In kuma ɗakin karatu kake jira, ginin Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke tsakiyar birni tun 2006 aka ba da kwangilarsa. Da alama shi ma, irinka, yana jiran ya samu lokaci.

Sai dai kada ka juya mini magana, don na san halinku. Ban ce ka rataye babbar riga a kujera ka sulale kasuwar Wuse neman dillancin waya ba, talaka na tsaye a bakin teburinka da takarda tun safe. Wannan ba rarar lokaci ba ce, sata ce, kuma albashin da aka ci a kanta sai an yi bayaninsa. Ban kuma ce ka fito da waya kana latse-latse a gefen taga cikin cunkoso ba, masu fizge sun fi ka sanin amfanin ɗan taƙin lokaci. Sa ta a aljihu, maƙala abin sauraro a kunne, ka ji tafsiri ko darasin Faransanci ko labaran safe. Ko ka kira tsohuwa, minti biyar ya ishe ta ta sa maka albarka ta kuma tambaye ka kuɗin taki. Ƙailula ma ban hana ba, ɗan runtsawa bayan azahar yana wartsake mutum. Taka ce dai ba a gane kanta ba, tun da ladan ke tashin ka da kiran la'asar.

Yanzu ga sharaɗi. Na san ba za ka haƙura ba sai ka mayar da martani, bakin Bazazzage ba ya mutuwa. Rubuto, amma ka sani zan duba lokacin da saƙon ya shigo. In tsakanin takwas da huɗu ne, ogan naku zan tura wa, ya ga abin da ake yi da kwamfutar gwamnati. In tsakar dare ne, uwargida zan gaya wa ga abin da ke hana ka tashi asuba. Wanda kawai zan karɓa shi ne wanda aka rubuta a layin gidan mai ko a zaman jiran oga. Ka haɗo da kuɗin sharar bara, har yanzu ina bin ka.