Mutanen Bayan Boksi, Daga Mai Wurno Zuwa Madani

Tafiyar a boksi, wato motar a-kori-kura, ba wata mai nisa ba ce: ka wuce Sinnar, ka bi ta Wad al-Haddad da Haj Abdallah, sai ga Madani. Amma kafin kumsari, wato yaron mota, ya gama tattara kuɗinsa, ka ga 'yan Adam iri-iri, kowa da ɗan abin da ke sanyaya masa rai, ko da kuwa shi ne ke ƙona ran maƙwabcinsa.

Sarkinsu shi ne Baba Alhaji. Bai je Makka ba tukuna, amma kul ka faɗa a gabansa. A ganinsa ba zama yake yi a Sudan ba, zango ya yada. Kakansa ya baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ya bi sawun ɗan Sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, da niyyar gabas. Guzuri ya ƙare a bakin Nilu, aka ce a dakata a tara na hanya. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, gonakin Jazira suka buɗe, aka ce to bari a tsinci audugar bana kawai. Ana cikin tsintar aka haifi uban Baba, aka haifi Baba, yau jikokinsa sun cika tsakar gida. Tambaye shi yaushe ne tashi, zai amsa maka ba ko ƙifta ido: "Bayan girbi, ɗana, in Allah ya yarda."

Shi ya sa ba ya raina kowace tafiya. Maganin ido zai sayo a Madani, amma sai ya zo tasha da buta da carbi da naɗaɗɗiyar tabarma, ya nemi gafarar duk wanda ya rako shi, har da yaron da ya riƙe masa sanda. Mota na tashi zai ja addu'ar tafiya tun daga farkonta, kuma dole ku amsa. Duk gadar da aka haye, sai ya gyaɗa kai ya ce an rage hanya. Da yamma in an juyo, ana mayar da hanyar da aka rage, ba ya cewa uffan, sai dai ya buɗe labarin Burmi daga inda ya tsaya, gwiwarsa a cikin haƙarƙarinka. Na ji labarin har na iya shi, amma ranar da bai shigo mota ba sai in ji tafiyar lami.

Hajiya mai kwando kuwa ba ta tambaya, ɗora maka kawai take yi: busasshen kifi a cinyarka, kaji biyu a ƙafarka. Sai ka kumbura za ka yi magana ta miƙo maka kofin godo-godo mai sanyi, shari'a ta mutu. Akwai mai waya, wanda ke rantsuwa da ƙarfi cewa ga shi yana shiga Madani alhali ko Wad al-Haddad ba a kai ba. Akwai mai barci, wanda kafaɗar kowa matashinsa ce. Akwai kuma wani, ba sai na ambaci suna ba tunda alƙalamin yana hannunsa, da ba ya iya wuce hayaƙin agashe ko kujerar mai shayi. Direba na danna oda, shi yana neman a ƙara masa yaji. Lokacin da yaƙi ya datse hanyar nan, daga Disambar 2023 da Madani ta faɗi har farkon 2025, duk sai da muka yi kewarsu, har mai wayar.

Guda ɗaya ne ban yi kewarsa ba. Saurayi ne fes-fes, ɗan unguwarmu, da ƙosan da uwarsa ke toyawa aka biya masa makaranta. Ana wuce Sinnar, Larabawa sun fara shigowa, sai Hausa ta ɓace masa ɗungurum. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, miƙo mini butar can." Ya dube ta sheƙeƙe, ya amsa da Larabci wai bai gane ba, yana satar kallon waɗanda suka ji. Wani ya yi ba'ar Fallata, wato mu, dariyar saurayin ta fi ta kowa ƙara. Larabci ba laifi ba ne, dukanmu da shi muke ciniki, da shi muke salla. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda tsohuwar nan ta sunkuya da ƙyar, ta jawo butarta da kanta, ba ta sake buɗe baki ba har Madani.

A dawowa kuɗin motarsa bai cika ba, kumsari ya tsare shi da ido. Nan take Hausa ta dawo masa tas, har da ladabi: "Iya, ko za ki taimaka mini da cikon?" Ta kwance bakin zanenta ta ba shi. Da ni ya tambaya, da ƙafa zai ƙarasa.