Alhaji, Kunnenka Ya Fara Ji

Na ga ka taɓe baki. Waƙar Faransanci ga yara, a Lafiya? Ka ce yaron da Turanci bai gama zama a bakinsa ba, me ya kai shi? Yallaɓai, ɗan nan naka da Hausa yake neman tuwo, da Eggon ko Alago yake faɗa da yaran makwabta, da broka yake ciniki a bakin titi. Harshe ɗaya ne zai fasa masa kai? Kai ne dai kake jin tsoro, kake fakewa da shi.

Ka ce ina ruwanmu da Faransa. Wa ya ce Faris za mu? Leƙa Benin, Chadi da Kamaru ka ji. Ka ce ai Nijar ta sallami sojojinsu, ta ɗora Hausa a 2025. Gaskiyarka. To je Maraɗi likita ya rubuta maka magani, ka dawo ka karanta mini. Kuma a 1996, shekarar da Janar Abacha ya ba ka jihar Nasarawa, a shekarar ya ce Faransanci ne harshen hukuma na biyu. Ka rungumi jihar hannu biyu, harshen kuma ka ce ba ka gida.

Yauwa, ka sauko. Yanzu ka ce sai ka miƙa memori ga mai tura waƙoƙi a kasuwa ya cika maka. Subhanallahi! Haka kake sayen doya, ido rufe? Shi kansa mai turawar bai san me ake faɗa ba.

Ɗauki Alouette, mai daɗin nan. Tsuntsuwa ake figewa, gaɓa bayan gaɓa: kai, baki, wuya, fukafukai. Wannan bar shi ya ji. Yaron da ya taya uwarsa fige kazar sallah ba zai suma ba, kuma nan zai kama sunayen sassan jiki. Frère Jacques kuwa wani mai hidimar coci ake tashi, ya makara bai kaɗa ƙararrawar asuba ba, kamar ladanin da barci ya sace. Ko ka so ko ka ƙi, wannan naka ne, amma ka san abin da ka zaɓa. Sai Il était un petit navire. Kiɗa sanyi ƙalau, har ka yi gyangyaɗi. Labarin fa? Guzuri ya ƙare wa matuƙan jirgin ruwa, suka jefa ƙuri'a, ta faɗa kan ƙaramin yaro, ana shawarar yadda za a dafa shi. Ya tsira daga ƙarshe, amma wannan za ka kunna wa 'yarka Ummi da dare? Ka ce ba ta jin ma'anar. Ai don ta ji kake kunnawa, malam!

Malamin Faransanci na makarantarsu bai ƙaura ba. Kai masa waƙoƙin ya fassara maka har baitin ƙarshe, don sau da yawa can ake ɓoye tsiyar.

Sai murya. Nemi ta mutum, mai ja a hankali, wadda kiɗa bai danne ta ba. Muryar kwamfutar nan mai tsiwa da gudu, yaro rawa kawai zai koya. Ka ce dole sai bakin ɗan Faris? Na Abijan da Dakar ba Faransanci suke yi ba? Da su ɗanka zai fi haɗuwa. Ka ce tsohon kaya ya fi ƙarko. To akwai Au clair de la lune da aka naɗa a 1860, ba a iya sauraronta ba sai 2008. Kunna masa, in bai ruga bayan uwarsa ba ka kira ni.

Waƙoƙi biyar sun isa, sauti zalla a ƙaramar sifika, waya tana aljihunka. Ka ce biyar sun yi kaɗan? Yaro zai maimaita guda har sai ka roƙi a ɗauke wuta.

Ka ce kai dai ba za a taɓa jin ka kana rerawa ba. Ba da kai zan yi musu ba. Hajiya zan tambaya.