Ranar da Gogan Naka Ya Yabi Jikar Farfesa

Jaririyar ta cika kwana 100 a duniya, kuma a Japan wannan ranar biki ce. Okuizome suke ce masa: a gasa kifin tai guda sukutum, a dafa shinkafa da jan wake, a ajiye ɗan dutse a gefen faranti don fatan haƙora masu ƙarfi, sannan dattijon dangi ya riƙa kai loma bakin jaririn da tsinken cin abinci yana janyewa, alamar yaron ba zai kwana da yunwa ba a rayuwarsa. Cikin irin wannan taro, a wani gida a Fukuoka, aka zaunar da wani ɗan Kano mai karatun digiri na biyu. Kakan jaririyar shi ne farfesan da ke duba aikinsa.

Gogan naka bai zo hannu rabbana ba. Ya haddace darasi na 8 na littafin Minna no Nihongo, inda ɗan koyo ke fara cin karo da siffofi: ookii babba, chiisai ƙarami, takai mai tsada, yasui mai araha, atsui zafi, samui sanyi, oishii mai daɗin ci. Ya san gida biyu ne, masu ƙarewa da i da masu ɗaukar na. Ya san na farkon suna sauya wutsiya, oishii ta koma oishikatta idan an riga an cinye, ta koma oishikunai idan abincin bai yi ba. Har tarkon da ke kama 'yan koyo ya sani, wato kirei, mai kyau ko mai tsafta, da kirai, abin da ake ƙi. Ranar ma ya yi niyyar kauce wa kirei gaba ɗaya, don gudun tsautsayi.

Da aka shigo da kifi sai ya ce oishisou, ma'ana da gani zai yi daɗi. Matar farfesa ta tafa hannu ta yaba Japanancinsa. Duk baƙon da ya zauna a ƙasar ya san ana yin wannan yabo ko ga wanda gaisuwa kaɗai ya iya, amma shi kansa ya fasu.

Sai aka miƙo masa jaririyar.

Kalmar da ake bukata ɗaya ce, kawaii, wadda kowa ke faɗa wa jarirai da 'yan kyanwa, kuma ya daɗe da ɗaure ta da "kawai" ta Hausa don kada ta kuɓuce masa. Nan gizo ke saƙar. Ta Japananci bugu huɗu ce, ka-wa-i-i, ana jan ƙarshenta. Tana da maƙwabciya mai bugu uku, kowai, wato abin tsoro. Bahaushe, wanda kunnensa ke raba farin kaya da farin ɗango ba tare da an rubuta masa ba, shi ya fi cancanta ya ji wannan bambanci. To amma ga jaririyar mutane a hannu, ga ƙafa ta yi tsami saboda zaman durƙuso a kan tabarmar tatami, ga idon dangi duka a kansa. Ya leƙa fuskar yarinyar, ya yi murmushi har kunne, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen ɗaki zai ji, ya ce: "Kowai desu ne!"

Kai, abin tsoro ce, ko ba haka ba?

Wannan "ne" ɗin na ƙarshe shi ya fi cin rai, domin aikinsa neman a yarda da kai. Wato bai tsaya a kiran jikar farfesa dodo ba, har da gayyatar uwar da ta haife ta ta sa hannu. Uwar ta tsaya da hannuwa a miƙe, yadda ta ba shi yarinyar. Uban, wanda ke ɗaukar bidiyo da waya, bai sauke wayar ba. Farfesa ya shiga kallon kifi kamar yau ya fara ganin kifi. Shi kuwa murmushin na nan a fuskarsa, yana gyaɗa kai yana jiran tafi irin na ɗazu.

Da ya ga tafi bai zo ba, sai ya tuna dabarar da ta yi masa rana a kan kifi: a cire i ta ƙarshe, a liƙa sou, ma'ana ta koma "da gani". Ƙa'idar gaskiya ce, tana aiki a kan oishii da takai da samui. Amma a kan kawaii malamai na jan kunne, domin abin da take haifarwa wata kalma ce dabam mai zaman kanta. Ya gyara murya ya ce: "Kawaisou."

Allah sarki, abar tausayi.

Cikin numfashi biyu yarinyar ta tashi daga dodo ta koma abar a jajanta wa iyayenta. Uwar ta karɓe ta a hankali, da ladabi, tana ɗan rusunawa, kuma wannan ladabin ya fi mari zafi.

Mai ceto ya fito daga kusurwa: yayan farfesa, tsohon malamin adabi da ya yi ritaya, wanda tun zuwansu bai ce uffan ba. Ya matso, ya dafa gwiwar gogan, ya ce masa cikin Turanci mai tsantseni kada ya damu, ai bai yi kuskure sosai ba. Asalin kawaii, in ji shi, tsohuwar kalma ce, kaohayushi, wadda ke nufin fuska ta yi ja don kunya, daga nan ta koma nufin abin da ba a iya kallo saboda tausayi, sai daga baya ta zama yabo. Ita da kawaisou tushensu ɗaya. Kuma gaskiyarsa, haka masana harshen suke bayani.

"Saboda haka, ɗana," in ji tsohon, "da a ce ɗaruruwan shekaru da suka wuce ka zo gidan nan, babu wanda zai ga bambanci."

Gogan ya tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, to yanzu me zai ce wa uwar yarinyar.

Tsohon ya yi shiru yana shafa haɓa, ya daɗe yana nazari. Sannan ya ce shawararsa ita ce ya ajiye wancan littafin na 'yan koyo ya fara da nahawun tsohon Japananci, yana da ƙamus ɗinsa a gida, zai kawo masa ranar Litinin.

"Ta farkon fa, Sensei? Kowai?"

"A'a," in ji tsohon. "Wannan kam ko a wancan zamanin ba yabo ba ce."