Tumbin Alhaji Kayan Jama'a Ne

Daga Bebeji har ka dangana da Doguwa, babu gaisuwar da ta kai "Kai, Alhaji, ka yi ƙiba!" daɗi a kunne. Wanda aka faɗa wa sai ya shafa tumbi, ya yi murmushi, ya ce, "Ai rufin asiri ne." Kishiyarta ita ce, "Lafiya kuwa? Na ga duk ka zube." Ita wannan ba a faɗarta a bainar jama'a, sai an ja mutum gefe an rage murya, don amsarta ba ta wuce ɗayan uku: ko ciwo, ko bashi, ko rigimar cikin gida. A irin wannan ƙasa ce likita zai dubi takardar awo, ya dubi mai takardar, ya ce suga ya hau, jini ya hau, sai an rage teɓa. Har ya ƙara da cewa rage loma kaɗai ba za ta yi ba, sai Alhaji ya sauya wurin zama da abokan zama.

Ba daga kansa likitan ya ƙago zancen ba. A 2007 wasu masana biyu a Amurka, Nicholas Christakis da James Fowler, sun fitar da abin da suka gano a bayanan mutum sama da 12,000 da aka bi diddiginsu tsawon shekara 32 a binciken garin Framingham. Suka ce in abokinka ya yi muguwar ƙiba, yiwuwar kai ma ka bi sahu tana ƙaruwa da kashi 57 cikin ɗari. In ɗan'uwanka ne na jini, kashi 40. In mata ce ko miji, kashi 37. Wato aboki ya fi matar gida haɗari, maganar da matan aure suka daɗe suna yi ba wanda ya ba su ko sisin bincike. Bahaushe kuwa tun tuni ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

To, an ce a sauya wuri. A koma ina? Kwanar Dangora, inda hanyar Jos ke ballewa daga ta Zariya, hayaƙin tukubar mai tsire ne ke fara yi maka sannu da zuwa tun kafin direba ya taka birki. Tiga kuwa, marigayi Audu Bako ya gina madatsar don noman rani, aka gama ta a 1974, amma abin da matafiyi ya sani game da ita shi ne soyayyen kifi da yaji. Tudun Wada ƙasar shinkafa da rake ce, Doguwa ta masara. Duwatsun Riruwai ne kaɗai za su iya taimakon mai teɓa, sai dai ko can da akwai ɗan acaɓan da zai kai ka har inda babur zai iya hawa. Dajin Falgore na san yana ramar da mutum, amma ba ta hanyar da likita yake nufi ba.

Abin dariyar, garin Bebeji ne ya haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuri'ar fataken da ke taka sayyada har Gwanja su ɗauko goro, tafiyar watanni, ana kora jakai. Yau jikokin waɗannan fatake, masallacin da ke bayan gida biyar sai an tayar masa da babur. Cire tallafin mai a 2023 ya so ya maido mu kan tafarkin kakanni, amma muka gwammace mu hau mu uku.

Saura abokan zama, kuma nan ne gizo ke saƙar. Wani bawan Allah da na sani, mai sayen hatsi yana ajiyewa, ya ɗauki maganar likita da gaske. Bayan isha ya isa majalisarsu ta gaban mai shayi, ya zauna a gefen benci, ya ce a ba shi ruwan bunu, ban da sukari. Mai shayi ya tsaya da ludayi a sama. Aka yi tsit. Sai babban majalisa ya gyara zama ya ce, "Alhaji, in wani abu ne ya samu jarin, ka gaya mana. Ai mun zama ɗaya." Kafin ya buɗe baki wani ya ɗaga murya: "Mai shayi, haɗa masa mai kauri, da Indomie da ƙwai uku, a sa a lissafina." Yanzu ka gaya mini yadda mutum zai ture wannan kwano. In ya ci, ya saɓa wa likita. In bai ci ba, ya kunyata wanda ya rufa masa asiri a gaban mutane. Likita kuwa ba ya zuwa majalisa. Ya ci.

Haka abin yake ko'ina. "Bismillah" gayyata ce da ake amsawa da "Alhamdulillah" a wuce, amma wannan tsakaninka da baƙo ne a tasha. A gidan gwaggo ba ta aiki. "Ko ba ka jin yunwa, ɗan nan, ka sa albarka." Albarkar ita ce malmala biyu ta tuwon shinkafa da miyar taushe, man shanu yana yawo a kai, ga kwanon fura an rufe da faifai yana jiran layinsa. Ranar Asabar ɗin kaka kuma, sa'ad da amfanin gona ya shigo aka buɗe kakar aure, mutum ɗaya zai halarci ɗaurin aure a Kiru da hantsi, walima a Ƙofa da azahar, suna a Tudun Wada, kowane gida da waina, kowane gida da lemon roba. Irin lemon nan na rabin lita, sukarin da ke cikin yawancinsu ya kai giram 50 ko kusa, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa baligi a wuni guda, wajen cokalin shayi 12. Alhaji ya cinye rabon ranar tun kafin a shafa fatihar farko.

Da mutumin namu ya ga ci ya fi ƙarfinsa, sai ya koma motsa jiki. Ya sayi kambas da wandon 'yan ƙwallo, ya fita da sassafe yana sassarfa a bakin titi. Mai babur na farko ya tsaya: "Alhaji, ina motar? Hau in ƙarasa da kai." Na biyu bai tambaye shi komai ba, waiwaye ya yi ya ga mai biyo shi. Manoman da ke tafiya gona da fartanya a kafaɗa, waɗanda ba su taɓa sanin wata aba wai ita teɓa ba, suka tsaya suna kallon mai gona yana zubar da gumi a banza alhali ga ciyawa ta cinye masa masara. Kafin azahar labari ya kai gidan surukai cewa a nemo mai rubutu.

Duk da haka ya ɗan faɗa, hular da ta matse ta fara juyawa. Nan laifi ya koma kan uwargida. Dangin miji suka aiko a ji ko ta daina girki ne, maƙwabta suka ce da ma wanda aka bari da yunwa shi ke ƙaro aure. Baiwar Allah ta ga mutuncinta na neman zubewa, ta ƙara mai a miya. A wannan garin ne kuma ake ɗirka wa amarya ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe don ta cika ido ranar kai ta, duk da gargaɗin da likitoci ke yi a kansu. Gari guda, wani na biyan kuɗi ya rage, wata na biya ta ƙara.

Dabarar da na ga tana ci ita ce ƙarya mai tsarki da gaskiya mai tsarki. Ka ce "likita ya hana ni", za a ce likita ba Allah ba ne. Ka ce "azumi nake", ba mai ƙara tankawa, sai dai a ce Allah ya ba da lada. Shi ya sa masu teɓa da yawa suka rungumi Litinin da Alhamis, abin a yaba, in ban da cewa da magariba ake biyan bashin da riba.

A ƙarshe Alhajin ya bi shawarar likita har gindinta, ya yi ƙaura daga majalisar mai shayi zuwa ta dattawan ƙofar masallaci, inda ba a cin komai sai goro. Ya yi mako yana jin labarin zamanin En'e. Da kunya ta kama shi, mai hali yana zama hannu rabbana cikin iyayensa, sai ya fara aika yaro ya sayo balangu. Yanzu haka biyu daga cikin dattawan an ce su je awon suga, ladan kuma ya kai rigarsa wajen tela a buɗa ta.