Yadda Ake Ɓatar da Taga a Kwamfuta: Darasi ga Masu Son Wahala

Tun 1973, da masanan kamfanin Xerox suka ƙera kwamfutar Alto a Kalifoniya, injiniyoyi ke ta faɗi-tashin ganin mutum ya buɗe tagogi da yawa a allo ɗaya ba tare da kansa ya ɗaure ba. Sun haura shekara 50 suna wannan hidima. To albishirinka, malam: idan ka dage, kana iya rusa musu aikin kafin azahar. Ga hanya.

1. Kada ka kuskura ka rufe komai. A Windows 1.0 ta 1985, tagogi a jere suke, babu mai hawa kan wata. Sai a 1987 Windows 2.0 ta ba su izinin danne juna, kuma a 1988 kamfanin Apple ya maka Microsoft a kotu, wannan danniya tana cikin abubuwan da ya yi ƙorafi a kai. Abin da manya suka je gaban alƙali dominsa, kai wane ne da za ka raina shi? Buɗe Word, ɗora Excel a kai, ɗora Chrome a bisa, ka rufe su duka da WhatsApp.

2. Nemi taga da linzami kawai. Wasu za su ce ka danna Alt da Tab, tagogin su jeru ka zaɓa. Ragwanci ne. Ja wannan gefe, ture waccan ƙasa, leƙa ƙarƙashin ta uku, kamar mai neman silifas ɗinsa a ƙofar masallacin Juma'a. Idan ka gano ta, ka tabbata ka manta dalilin neman.

3. Guji raba allo. Tun Windows 7 ta 2009, idan ka ja taga ka kai ta bakin allo, sai ta cike rabinsa, ka ajiye wata a ɗaya rabin. Windows 11 ma ta ƙara da tsare-tsaren da ke fitowa in ka danna maɓallin Windows da Z. Kada ka yarda. Idan za ka kwafi lissafi daga Excel zuwa wasiƙa, haddace shi, ka saukar da tagar, ka nemo ɗayar. A hanya 48,750 za ta rikiɗe ta zama 47,850, akanta kuma ya samu abin yi har ƙarshen wata.

4. Ƙara tebura, wato fuskokin allo daban-daban, kowacce da nata tagogin. Kwamfutocin Mac sun samu tebura barkatai a 2007, Windows 10 ta biyo baya a 2015. An yi su ne don a ware aiki daga hira. Kai dai danna Windows da Ctrl da D ka buɗe sabo duk lokacin da tsohon ya cika. Ladan zai zo ranar da ake tsakiyar taro, wata talla ta fara kiɗa daga wani teburin da ka manta da shi, kowa ya zuba maka ido, kai kuma kana kallon na kusa da kai.

5. Ga masu ƙera manhaja, ku ma ba a bar ku a baya ba. Idan manhajarku za ta yi tambaya, ku ɓoye akwatin tambayar a bayan babbar taga, ku kuma hana komai motsi sai an amsa. Bawan Allah ya yi ta dannawa, kwamfuta tana ce masa "ting". Ko kuma akwatin ya faɗo masa yana tsakiyar rubutu, don Enter ɗin da ya danna da niyyar sabon layi ya zama amincewa da abin da bai karanta ba. Ku yi koyi da manhajar gyaran hoto GIMP ta da, wadda akwatin kayan zanenta ke gabas, hoto na yamma, kowanne da tagarsa, har sai da fitowa ta 2.8 a 2012 ta ba da zaɓin haɗe su wuri ɗaya, aka rage wa jama'a motsa jiki.

6. Koyi dabara ɗaya tak: Windows da D. Da oga ya doso, ka danna, komai ya ɓace, allo ya yi fes. Matsalar kawai, ma'aikacin da ya ƙura wa allon da babu komai ido ya fi mai kallon ƙwallo jawo zargi.

7. Daga ƙarshe fankar kwamfutar za ta fara huci, linzami ya ƙi motsi, komai ya sandare. Ka ɗora laifin a kan netwok, ka kashe, ka kunna. Chrome zai tambaye ka cikin ladabi ko ya dawo maka da shafukan da suka kashe na'urar. Ka ce eh, duka. Ba a yanke zumunci a kan ɗan saɓani.